Kimiyyar Tuƙin Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da damina ya san darajar motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Ita ce ke kai ma'aikatan lafiya garuruwan da kwalta ba ta kai ba, da ita malaman gona ke shiga fadama, kuma ita ce ke ratsa rairayin Tenere daga Agadas zuwa Bilma. Sunan da ta yi ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa babu hanyar da ke gagarar ta, har wasu direbobi kan ƙara wuta a inda mai ƙaramar mota zai rage. Wannan zato ya jawo asarar rayuka, domin motar da ta fi kowace iya fita daga taɓo tana cikin waɗanda suka fi saurin kifewa a kwana. Wannan darasi zai bayyana yadda motar take aiki, da abin da take iyawa, da inda iyakarta take, ta hanyar lissafin da ɗalibin sakandare zai iya bi da kansa.

Taƙaitaccen tarihi

Tun a shekarar 1903 kamfanin Spyker na ƙasar Holan ya ƙera mota mai amfani da fetur wadda injinta ke juya ƙafafu huɗu. Amma irin wannan mota ba ta bazu ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka fara ƙera Jeep da yawa domin sojojin Amurka a 1941. Bayan yaƙin, Ingila ta fito da Land Rover a 1948, sannan kamfanin Toyota na Japan ya ƙera tasa a 1951, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Waɗannan motoci an yi su ne domin filin daga, da gona, da daji. Shi ya sa aka ɗaga cikinsu sama da ƙasa sosai, kuma wannan tsawo, kamar yadda za a gani a gaba, shi ne amfaninsu, shi ne kuma rauninsu.

Yadda ƙarfin inji ke isa ƙafafu

Idan mota tana shan kwana, tayar da ke waje tana yin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Alal misali, idan tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama mita 1.5 ce, to a zagaye ɗaya cikakke tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da kimanin mita 9.4, wato 2 × 3.14 × 1.5. Da a ce tayoyin biyu a ɗaure suke da sandar ƙarfe guda, da tilas ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Maganin wannan shi ne wata na'ura mai haƙora da ke tsakiyar aksul, wadda makanikai ke kira difarensha. Aikinta shi ne ta bar kowace taya ta juya daidai da tafiyarta.

Sai dai difarensha tana da aibi guda. Ƙarfin murɗawa da take bai wa tayoyin biyu daidai yake a kullum. Saboda haka idan taya ɗaya ta faɗa cikin santsi, inda ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya juya ta, 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa ma wannan ɗan ƙarfin kawai za ta samu. Sai a ga ɗaya tana ta juyawa tana watsa laka, ɗayar kuwa tana tsaye cik. A mota mai ja da ƙafa huɗu akwai wani akwatin giya na biyu da ke raba ƙarfin inji tsakanin aksul na gaba da na baya, don haka idan baya ya rasa kamu, gaba zai ja. Duk da haka ita ma takan kafe idan tayar gaba guda da tayar baya guda suka rasa kamu a lokaci ɗaya. Wannan ne ya sa wasu motocin ke da makullin difarensha, wanda ke tilasta wa tayoyin aksul ɗaya su juya tare.

Iri biyu, da ma'anar 2H, 4H da 4L

Motocin sun kasu kashi biyu. Kashi na farko suna da difarensha ta uku a tsakiya, tsakanin gaba da baya, don haka suna ja da ƙafa huɗu a kowane lokaci, har a kan kwalta. Kashi na biyu, wanda ya haɗa da yawancin motocin a-kori-kura irin su Hilux, ba su da ita. Direba ne ke zaɓa: 2H na nufin ƙafafun baya kaɗai ke ja, 4H na nufin duka huɗun suna ja, 4L kuwa duka huɗun ne tare da ƙaramar giya mai rage gudu da ninka ƙarfin murɗawa kimanin sau biyu zuwa biyu da rabi.

A irin kashi na biyu, kuskure ne a bar mota a 4H ko 4L a kan busasshiyar kwalta. Dalili kuwa shi ne, a kwana tayoyin gaba suna bin da'ira mai faɗi fiye da na baya. Idan tsakanin aksul biyu mita 2.8 ne, kuma tsakiyar aksul na baya na zagaya wani wuri da ke nesa da shi da mita 5, to bisa ƙa'idar Faitagoras tsakiyar aksul na gaba tana nesa da wurin da kimanin mita 5.7. A zagaye ɗaya baya zai yi mita 31, gaba kuwa mita 36. Tun da an ɗaure su tare, dole wannan bambanci na kusan mita 5 ya fita ta wani wuri. A kan rairayi ko laka taya kan ɗan zame, shi ke nan. A kan kwalta kuwa ba ta samun zamewa, sai ƙarafan su riƙa murɗuwa, sitiyari ya yi tauri, taya ta cinye, daga ƙarshe haƙoran giya su karye.

Ja daban, tsayawa daban

Abin da ke riƙe mota a kan hanya shi ne gogayya tsakanin taya da ƙasa. Masana suna auna ta da wata lamba: a kan busasshiyar kwalta takan kai kimanin 0.7, a kan jiƙaƙƙiya kimanin 0.4, a cikin laka kuwa takan sauka zuwa 0.2. Ja da ƙafa huɗu bai ƙara wannan lamba ko kaɗan. Abin da yake yi kawai shi ne raba aikin ja ga tayoyi huɗu maimakon biyu. A wajen tsayawa kuwa, kowace mota, ƙarama da babba, tana da birki a ƙafa huɗu, don haka babu wani fifiko.

Ana samun nisan da mota ke yi bayan an taka birki ta hanyar ninka gudu da kansa, a raba da ninki biyu na lambar gogayya sau ƙarfin jan ƙasa, wanda za a ɗauka a matsayin 10. Gudun kilomita 80 a awa daidai yake da mita 22.2 a daƙiƙa. A busasshiyar kwalta motar za ta tsaya bayan mita 35, a jiƙaƙƙiya bayan mita 62, a laka kuwa bayan mita 123. Kafin wannan ma, daƙiƙa guda da direba zai ɗauka kafin ƙafarsa ta isa birki ta cinye wasu mita 22. Abin lura a nan shi ne, idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa yake sau huɗu.

A nan tarkon yake. Mai ƙaramar mota yakan ji tayarsa tana zamewa tun wajen tashi, sai ya gane hanya na da santsi. Mai ja da ƙafa huɗu kuwa motarsa kan tashi lafiya lau, ba zai san halin da hanya take ciki ba sai lokacin da ya nemi birki. Haka nan a hanyar burji mai ƙunya-ƙunya, tayoyi suna tsalle ne daga tudu zuwa tudu, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kuma bin sitiyari.

Cibiyar nauyi da kifewa

Kowane abu yana da wani wuri da za a ce duk nauyinsa ya taru a nan, wato cibiyar nauyi. Muddin layin da ya sauko daga wannan cibiya yana faɗawa tsakanin tayoyi, mota tana tsaye. Da zarar ya fita waje, ta kife. Injiniyoyi suna auna ƙarfin zaman mota da wani sauƙaƙan lissafi: tazarar tayoyin hagu da dama, a raba da ninki biyu na tsawon cibiyar nauyi daga ƙasa. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta fara amfani da wannan awo wajen jera motoci a 2001. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon wahalar kifewa.

Ƙaramar mota mai tazarar mita 1.5 da cibiya a tsawon mita 0.55 tana da lamba 1.36. Doguwar mota mai tazara iri ɗaya da cibiya a mita 0.7 tana da 1.07. Yanzu a ce nauyin wannan doguwar motar kilo 2,000 ne, aka ɗora mata buhuna da jarkoki na kilo 300 a kan rufi, a tsawon mita 2. Sabuwar cibiyar ita ce (2,000 × 0.7) a tara da (300 × 2), a raba da 2,300, wato mita 0.87. Lambar ta sauko ke nan zuwa 0.86. Buhu uku na masara a kan rufi sun rage ƙarfin zaman motar da kashi ɗaya cikin biyar.

Yawancin kifewa kan faru ne kamar haka: direba ya kauce wa akuya ko rami da sauri, motar ta zame a kaikaice, tayar waje ta daki gefen kwalta ko ta nutse a ƙasa mai laushi, sai jikin motar ya ci gaba da tafiya ta kan tayar. Maganinsa shi ne a sa kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, a rage gudu tun kafin a shiga kwana, kada kuma a fizgi sitiyari. Idan tayoyi biyu suka sauka daga kwalta, sai a ɗaga ƙafa daga totur, a bar motar ta rage gudu a miƙe, sannan a komo a hankali. Motocin zamani suna da kwamfuta mai taka birkin taya ɗaya ɗaya idan ta ji mota na neman zamewa, kuma Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun 2014, amma ita ma ba ta iya ƙirƙiro gogayyar da babu. Ɗamarar kujera kuwa ita ce ke hana mutum fita ta taga motar ta danne shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗamarar na rage haɗarin mutuwa da abin da ya kai rabi, kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura ta a 2003. Waɗanda ke zaune a bayan a-kori-kura ba su da wannan kariya ko kaɗan.

Rairayi

Raƙumi ya fi doki nauyi, amma doki ne ke nutsewa a rairayi, domin faffaɗan tafin raƙumi yana baza nauyinsa. Wannan ita ce ƙa'idar matsi, wato nauyi a raba da faɗin wurin da ya taka. Mota mai kilo 2,400 tana ɗora kilo 600 a kan kowace taya. Idan iskar taya tana kan awo 35 a gejin mai faci, tayar tana taka ƙasa da faɗin kimanin murabba'in santimita 250. Idan aka rage iskar zuwa 18, faɗin yakan kusan ninkawa, sai motar ta riƙa tafiya a saman rairayin maimakon ta haƙa shi. Wani sojan Ingila kuma masani, Ralph Bagnold, wanda ya ratsa hamadar Libiya da ƙananan motocin Ford a wajen 1930, yana cikin waɗanda suka fara amfani da wannan dabara, tare da shimfiɗa faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya. A 1941 ya wallafa littafi a kan yadda iska ke gina tuddan rairayi.

Tudun rairayi yana da fuska biyu. Wadda iska ke bugawa tana da tauri da sauƙin hawa. Ta bayan kuwa laushi gare ta, kuma gangarenta yakan kai kusan digiri 34. Direban da ya haura ƙololuwa da gudu bai san abin da ke bayanta ba yana iya faɗawa da ka. Rairayi ya fi tauri da sassafe, lokacin da yake da sanyi da ɗan laima. Ana tafiya a cikinsa da matsakaicin gudu marar yankewa, ba a shan kwana mai tsanani domin taya mai ƙarancin iska na iya fita daga bakin ƙarfenta, kuma ba a taka birki da ƙarfi domin yana tara rairayi a gaban taya. Da zarar an komo kwalta wajibi ne a mayar da iska, saboda taya mai laushi tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, ta fashe.

Laka, hawa da gangara

Baƙar ƙasar firgi ta yankin Dikwa, da lakar fadamu, sukan cika zanen taya har ta koma sumul. A nan yawan totur ba ya ƙara komai sai zurfin rami. Ana shiga da 4L a giya ta biyu, a riƙe gudu ɗaya, idan kuma mota ta fara tsayawa sai a ɗan karkaɗa sitiyari hagu da dama domin gefen taya ya sami abin kamawa. Manyan yatsu su kasance a bayan da'irar sitiyari, domin idan taya ta daki kututture sitiyarin kan juya da ƙarfin da zai iya karya yatsa.

Tudu kuwa ana hawansa a miƙe, a sauko a miƙe. Ratsa shi a kaikaice ko juyawa a tsakiyarsa yana fitar da layin cibiyar nauyi waje da tayoyi. A wajen gangara ana sa 4L da giya ta ɗaya, a bar inji ya riƙe motar, ba a taka kuloci, domin taka shi yana raba inji da tayoyi. Idan mota ta kasa ƙarasa hawa, sai a riƙe ta da birki, a sa giyar baya, a sauko da baya a miƙe.

Ruwa

Ƙa'idar Arkimidis ta ce ruwa yana ɗaga abu da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Cikin mota mai tsawon mita 4.5 da faɗin mita 1.8 ya kai kimanin murabba'in mita 8. Duk santimita 10 da ruwa ya hau sama da gindin jikinta yana rage mata nauyin kilo 800. Ke nan santimita 30 sun isa su sa motar kilo 2,400 ta yi iyo, kuma tun kafin nan tayoyinta sun rasa kamu. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu na santimita 30 yana tafiya da yawancin ƙananan motoci, na santimita 60 kuwa yana tafiya da manya.

Haɗari na biyu ga inji yake. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan inji ya shaƙi ko da kofi guda, fistin zai daki ruwan kamar ya daki dutse, sandarsa ta lanƙwashe. Kowace mota tana da iyakar zurfin da kamfani ya rubuta a littafinta: tsohuwar Land Rover Defender santimita 50, Land Cruiser santimita 70. Kafin a shiga rafi sai a gwada zurfinsa da sanda. Ruwan da mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa ba, mota ma kada ta shiga, kuma ambaliyar da ta rufe kwalbati tana iya ɓoye cewa hanyar ta riga ta yanke. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bayan an haye, sai a riƙa ɗan taka birki ana tafiya har ya bushe.

Idan mota ta kafe ko ta lalace

Igiyar ja da ta miƙe tana tara ƙarfi kamar roba. Idan ta tsinke, ko ƙarfen da aka ɗaura ta ya karye, yakan tashi kamar harsashi. Don haka ana ɗaura ta ne a ƙugiyar da ke jikin shasi, kuma 'yan kallo su ja da baya fiye da tsawon igiyar. Kafin a ja, a fara haƙe gaban tayoyi da shebur.

A hamada kuwa lalacewar mota magana ce ta rai. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu biyu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mai shiga irin wannan hanya yana bukatar ruwa fiye da na kwanakin da ya ƙiyasta, da taya biyu na ajiya, da famfon iska, da abokin tafiya a wata motar. Ya kuma sanar da wani hanyar da zai bi da ranar da zai isa, sannan idan ta lalace ya zauna kusa da ita, domin mota ta fi mutum sauƙin gani daga nesa.

Gwaji a aji

Malami zai iya ɗora kwalin sabulu a tsaye a kan allo, ya sa ɗan abin tokare a gindinsa, ya riƙa ɗaga gefe ɗaya na allon har kwalin ya faɗi, ɗalibai su auna kusurwar. Sai a manna dutse a gindin kwalin a sake gwadawa, sannan a manna shi a samansa. Bayan haka ɗalibai su amsa waɗannan tambayoyi:

1. Mota tana gudun kilomita 54 a awa a hanyar da lambar gogayyarta 0.5 ce. Mita nawa za ta yi bayan an taka birki?
2. Mota mai kilo 1,800 tana da cibiyar nauyi a mita 0.75. An ɗora mata kilo 200 a tsawon mita 2. Ina sabuwar cibiyar take?
3. Me ya sa 4H ke cutar da Hilux a kan kwalta amma ba ya cutar da ita a rairayi?

Kammalawa

Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, ta hau, ta fita daga inda wata za ta kafe. Birkinta kuwa daidai yake da na sauran motoci, zamanta a kwana ma bai kai nasu ba, kuma ruwa yana ɗaga ta kamar yadda yake ɗaga kwale-kwale. Direban da ya fahimci gogayya, da cibiyar nauyi, da matsi, zai san lokacin da ya kamata ya sa 4L, da lokacin da ya kamata ya sauke kaya daga rufi, da lokacin da ya kamata ya kashe inji a bakin rafi ya jira ruwa ya janye. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.